Aljanin da Ke Jiran Allura Ta Kai Tamanin

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Salamarsa ta kasance tare da ku duka.

Ni ne Yakuba direba, mai jigilar albasa tsakanin Malbaza da Ƙonni. Kun gan ni da takarda a hannu. Fasto ne ya ce in rubuta, domin ya san idan aka bar ni da bakina kawai sai na ƙara gishiri. Sau biyu na taɓa tsayawa a nan na ba da shaida, sau biyu kuka tafa mini. Yau na zo in karɓe su ne.

Kun san motata, babbar fikof ɗin nan da aka kawo mini daga Kwatano, wadda ba ta da sa'a a garejin Ƙonni. Ranar da na shigo da ita gari, ko gaisuwa sai na zaɓi wadda zan amsa. Masu ƙananan motoci ina kallonsu kamar masu tura baro.

Wata ranar kasuwa muna dawowa daga Malbaza da ɗan'uwa Ishaya, allurar gudun mota tana kan tamanin, muka hau wata 'yar gada mai tudu a bakinta. Nan take sitiyari ya haukace. Ba karkarwa ba ce irin ta taya marar iska. Fizga ce, hagu da dama, har hannuwana suka kasa riƙe shi, haƙorana suna haɗuwa, madubi ya faɗo. Na kira sunan Yesu, na taka birki a hankali, sai da motar ta kusa tsayawa sannan ta lafa.

Ishaya ya fita, ya ce ai an sha yin hatsari a gadar nan, aljanu ne ke zaune a ƙarƙashinta. Kafin Lahadi labari ya cika ikilisiya. Na tsaya a nan na ce Ubangiji ya kuɓutar da ni daga ikokin duhu. A wannan karon ban yi ƙarya da gangan ba, jahilci ne kawai.

Bayan mako biyu abin ya sake faruwa, a kan gadar dai. Sai na bi ta wurin Baba Illo makaniki don ya ƙara mini iska a taya. Dattijo ne Musulmi, rumfarsa tana bakin tasha, yawancin aikinsa amalanken jakai ne da injin ban-ruwa. Ban ba shi labarin don neman shawara ba, na ba shi ne don ya yi mamaki.

Bai yi mamaki ba. Ya sa wani makaniki maƙwabcinsa ya riƙa juya sitiyari hagu da dama, shi kuma ya kwanta a ƙarƙashi. Can ya ce, "Yakuba, taho ka aza hannunka nan."

Na durƙusa ina kare wandona daga ƙasa. Ya ɗora hannuna a kan wani dogon ƙarfe da ke riƙe ƙafafun gaba kada su kauce. Duk juyi ɗaya sai in ji ƙarfen ya yi ƙwas a tafina.

Ya ce, "Ka jiya? Robar da ke bakinai ta cinye, ramin noti ya buɗe. In ka taka tudu da gudu, ƙahwahun su ka kama faɗa da juna. Kak ka ɗauki mutane sai an canza."

Na ce, "Baba, wannan ba amalanke ba ce. Kuma abin nan ya fi ƙarfin sifana, na ruhu ne."

Ya goge hannunsa, ya dube ni. "Wane irin aljani na wanga da ka jiran allura ta kai tamanin?"

Na yi dariya na tafi, ina cewa a raina mutumin da ko ƙofar lakwal, wato makarantar boko, bai taɓa shiga ba ne zai koya mini motata. Amma hannuna ya riga ya ji abin da ya ji. Tun daga ranar na sani.

To me ya hana ni gyarawa? Sai an aika Sakkwato neman kayan, motar ta zauna mako biyu ana tsakiyar albasa. Wannan shi ne dalilin da nake ba kaina. Na gaskiyar kuwa ya fi wannan ƙazanta: aljanin ya yi mini rana. Ni da nake zama a bencin baya ina gyangyaɗi, sai ga shi an dawo da ni gaba. Ana kirana jarumin addu'a. Mata suna kawo mini yara masu zazzaɓi in ɗora musu hannu, hannun da bai iya riƙe sitiyari ba. Wa zai bar wannan ya dawo ya ce roba ce?

Shi ya sa na sake tsayawa a nan na ba da shaida ta biyu. Har da cewa na ga wani baƙin abu ya gitta. Ban ga komai ba, ko akuya babu. Kuka ce Halleluya, ni kuwa ina kallonku ina raina ku a zuciya, ina cewa mutanen nan ko me ka ba su za su haɗiye. Wani mai kiran kansa annabi da ya ratso gari ya zo ya juye rabin kwalbar man zaitun a kan sitiyarin, ya yi ta buga ƙafa yana korar ruhohi. Amfanin da na samu shi ne kwana uku sitiyari yana sulɓe mini.

Na koyi dabara. Idan na kusa gadar sai in sauko sittin, in ɗaga murya da waƙa, mu wuce lafiya. Fasinja su ce addu'a ta ci.

Wata huɗu ana haka, sai zumuntar mata suka tashi zuwa taro a Badaguishiri, suka ce ba wanda zai kai su sai ni. Hankalinsu kwance, domin hanyar ba ta bi ta gadar ba. Ni kaɗai na san aljanin ba ya zama a gada, tare da mu zai tafi.

Da safe aka shimfiɗa tabarmi a baya, mata goma sha ɗaya suka hau, har da matata Rifkatu. Na ba Mama Saratu kujerar gaba, tsohuwar da ke buga mana tulu a waƙa tun kafin a haife ni. Ta ce a ba Hannatu mai ciki, ita ta hau baya ta rungume tulunta. Na yi wa kaina alkawari ba zan wuce sittin ba.

Alkawarin bai kai rabin hanya ba. Muka tarar da wata tsohuwar motar siminti tana jan ciki, tana watsa wa matan hayaƙi. Na yi oda, direban bai kauce ba. Na ce wannan ƙazamin ne zai sa ni bin bayansa har Badaguishiri? Na fita, na taka mai. Muna kafaɗa da kafaɗa da shi, allura ta haye tamanin, ƙafar gaba ta faɗa wani facin kwalta.

Bai taɓa yin muni irin na ranar ba. Sitiyarin ya ƙwace gaba ɗaya. Ina ganin tayoyin motar siminti daf da tagar Hannatu, ina jin jikin mutane yana bugun ƙarfe a baya. Direban da na zaga shi ne ya taka birki ya sauka gefe ya ba ni wuri. Motata ta gangara ta tsaya a cikin gonar wani.

Ba wadda ta mutu. Amma tulun ya fashe, kuma hannun daman Mama Saratu ya karye a wuri biyu.

Abin da ya biyo baya shi ne ya kashe ni. Matan suka durƙusa a gonar suna kuka suna tsawata wa aljanin da ya biyo mu tun daga gada. Mama Saratu tana kwance, gumi yana zuba, ta ɗaga hannunta mai lafiya ta kama rigata ta fara addu'a: "Ubangiji, mun gode da ka ba mu bawanka Yakuba. Da wani na ka tuƙi, da dut mun mutu."

Na rufe ido. Addu'ar da ta fara zuwa bakina ita ce, Ubangiji ka rufa mini asiri. Ku ji irin mutumin da kuke kawo wa 'ya'yanku. Amma ta ƙi fita. Tsohuwar tana ta gode wa Allah saboda ni, tafin hannuna kuma yana jin ƙwas ɗin nan na rumfar Baba Illo. Na ji ƙyamar kaina. Na ce, Yesu, na gaji, ka buɗe bakin nan ko da zai zama ƙarshena a garin nan.

Ya buɗe shi. Na ce, "Mama, ki daina. Ba aljani ba ne. Roba ce ta cinye, an gaya mini, na ƙi gyarawa."

Rifkatu ta ce, "Tun yaushe ka sani?"

Na ce, "Wata huɗu."

Ta ce, "Kuma ka tsaya kana kallo na hau." Daga nan sai da ta yi mako uku ba ta ƙara yi mini magana ba.

Mama Saratu ta saki rigata. Ta ce, "To ɗana, tunda ba aljani ba na, a bar ihu haka nan, a kai ni likita." Direban simintin ne ya ɗauke ta a gaban motarsa.

Aka jawo motar zuwa rumfar Baba Illo. Na shirya jin gori, bai yi ba. Ya tambayi jikin tsohuwar, ya aika aka kawo kayan, ya canza. Da ya gama ya miƙo mini tsohuwar robar ya ce, "Kai ma mutanenku su gani."

Ga ta nan, na ajiye a kan tebur. Bayan sujada kowa ya zo ya taɓa. Wannan abin da bai kai kan albasa ba, shi kuka yi wa azumin kwana uku saboda ni.

Ina gode wa Allah da ya tsare rayuka goma sha biyu daga hannun wawa, har da jaririyar Hannatu da aka haifa lafiya. Ina gode masa da ya fitar da ni daga ƙarya, wadda ta fi kowace gada haɗari. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, yana ceto da gaske. Amma kada ku sa sunansa ya zama murfin abin da kuka ƙi gyarawa, kuma idan ya aiko muku da gargaɗi ta bakin mai gyaran amalanke, ku durƙusa ku aza hannu.

Mama Saratu ta gafarta mini tun tana kan gadon likita. Ga ta can a benci na biyu. Kun ga yau ma wata ce ta buga tulu, domin hannun bai ƙara ɗaguwa yadda yake ba.

Ɗaukaka ta tabbata ga Yesu shi kaɗai. Ina roƙonku, wannan karon kada kowa ya tafa. Amin.