Tauraron Yahya

A tashar Faskari ana jiran motar Sabuwa ta cika, sai wayar Malam Tanimu ta yi ƙara. Wani baƙo da ke gefensa a benci, da jaka a cinya, ya leƙo.

"Baba, har kai ma kana wasan taurarin nan?"

"Ba wasa ba ne, manhajar tilawa ce. Ɗana Yahya ya sa mini ita. Duk ranar da ka karanta shafi sai ta ba ka tauraro, ta jera sunanka da na abokan karatunka. Kullum tsokanata yake, wai ya wuce ni."

"To ai sai ka dage."

"Tun da damina aka tare motar su Yahya a hanyar Sabuwa. Babu kira, babu gawa. Amma kullum da hantsi taurarinsa ƙaruwa suke."

Baƙon ya gyara zama. "Wanda wayar ke hannunsa ne ke latsawa, Baba."

"Ba latsawa ake ba, sai ta ji muryar mai karatu. 'Yan'uwana sun ce a yi masa addu'ar mamaci. Uwarsa ta ce ba a zaman makokin wanda ke tilawa."

"Da hantsi ka ce? Ba mamaki. Can ciki sabis ba ya kamawa sai an hau dutse, kuma ba a barin kowa ya hau sai rana ta ɗaga."

Malam Tanimu ya juyo gare shi.

"Can ciki ina, ɗana?"

Baƙon ya rungumi jakarsa ya nufi ƙofar tasha, bai waiwayo ba. Wayar ta sake ƙara, saƙo ya fito: "Yahya ya wuce ka. Yi karatu ka kamo shi."