Sunan da Ba Mu Kira Ba

Jawabin da Malam Sagiru Habu Tsafe ya yi a madadin Hausawa mazauna Hayyin Ashir, a Alƙahira, wajen taron tunawa da maƙwabciyarsu 'yar ƙasar Koriya.

Mai girma wakilin ofishin jakadancinmu, Mista Gideon, mai girma faston cocin Koriyawa da dattawan da suka rako shi, malamanmu da suka taso tun daga unguwar Darrasa, shugabannin ɗalibai, yayanmu Jin-ho, ɗan marigayiya, da maiɗakinsa Madam Dalia, da 'yarsu Eman, iyaye mata, 'yan uwa da maƙwabta, ina yi muku sallama, ina kuma yi mana gaisuwar rashi baki ɗaya. Ga Zubairu nan a gefe yana juya maganata zuwa Larabci saboda iyalin gida. Zubairu, ka bi ni a hankali, ban da ƙarin gishiri.

Ba don na fi kowa iya magana aka tsayar da ni a nan ba. An duba ne aka ga na fi kowa cin shinkafarta, aka ce to mai ci shi ke godiya.

Wasunku ba su san yadda aka yi tsohuwa 'yar Koriya ta zama uwar Hausawa a Masar ba. Mijinta ne ya zo da ita, yana dafa wa ma'aikatan wani kamfanin gine-gine abinci. Kamfani ya tashi, su suka zauna. Da ya rasu aka ce ta koma gida, ta ce wa za ta bar wa kabarin? Haka ta zauna a hawan ƙasa na benen da muke haya, ƙofarta a bakin matakala, ba mai hawa ba mai sauka sai ta gan shi. Mu kuwa tun ranar farko muka sa mata Iya.

Ta kasance mai ido a kan baƙo. Ɗalibi zai sauka daga Sakkwato da 'yar rigarsa shara-shara, yana ganin ai Masar ƙasar rana ce. Sanyin Alƙahira ya tsaya masa a ƙashi. Kafin ya gama rawar ɗari Iya ta miƙo safa da rigar sanyi, tana yi masa faɗa da Larabcinta mai karaya, wanda ba ya cikin kowane littafin nahawu da muka karanta, amma ba wanda bai gane shi ba.

Ta kasance mai faɗa, kada mu ɓoye don ta mutu. Dillalin gidaje da ya so ya fitar da yaranmu ana tsakiyar jarabawa, ku tambaye shi. Ranar da naƙuda ta kama matata Mardiya ina can wajen karatu, Iya ce ta shiga tsakiyar titi ta tare motar haya da hannu ɗaya, tana "Yalla, yalla!" har direba ya sauke fasinjojinsa yana ba ta haƙuri.

Ta kasance mai ciyarwa. Akwai wani kabeji da take jiƙawa da barkono ya kwana biyu a tulu. Mu da muke taƙamar an yaye mu da yaji, ranar farko sai da ɗan uwanmu Ya'ƙub ya sha ruwa kofi biyu yana hawaye yana cewa tamam, tamam, wai lafiya lau. Amma kaitonka idan ka bar ƙwayar shinkafa a kwano. Za ta tsaya a kanka sai ka tsince ta. Mun ɗauka halin tsufa ne.

Wani azumi ne muka san dalili. Awadiyya, 'yar uwarmu Bahaushiyar Sudan da ke hawa na uku, ta dama kunun gero ta ce in sauko wa Iya da shi. Ta kurɓa sau ɗaya, ta ajiye kofin. Sai ta ce, "Wannan gero ne."

Na ce, "Iya, ashe kun san gero a can?"

Ta ce, "Shi muka ci muka girma. Mu ne masu noman shinkafa, amma Japanawa ke auna ta su loda a jirgin ruwa. Mu a kawo mana gero."

Na ce mata a garinmu gero sarki ne. Ta yi dariya, ta ce in zauna.

Jama'a, shekara talatin da biyar Japan ta yi tana mulkin ƙasarsu, kuma a cikin wannan mulki aka haifi Iya. Ta ce ba shinkafa kaɗai aka ɗauka ba. Da yaƙin duniya na biyu ya yi zafi, har kwanonin tagulla da cokulan gidansu aka bi gida gida aka kwashe don a narka. A makaranta an hana su yin yarensu, wanda ya kuskura ya sha bulala. Tana shekara bakwai aka matsa wa iyaye su sauya sunayen gidajensu da na 'ya'yansu zuwa na Japanawa. Wanda ya ƙi, ɗansa ya ga wulaƙanci a makaranta, shi kuma ya ga tsiya wajen rabon abinci. Da safe ta fita da sunan da kakanta ya zaɓa mata, malami ya kira wani suna, Fumiko, ya nuna ta da sanda ya ce ita ce.

Tana da wa namiji guda ɗaya. Shi ke raka ta makaranta. Ta ce kullum idan sun kusa ƙofa sai ya sunkuyo ya kira ta da sunanta na gaskiya a kunne, ya ce, "Riƙe shi, in an tashi ki dawo mini da shi." Ana saura shekara guda Japan ta faɗi aka zo aka tafi da shi haƙar kwal a can ƙasar Japanawa. Wasu sun dawo bayan yaƙi. Shi bai dawo ba, ba gawa, ba kabari, ba wanda ya zo ya ce na gan shi.

Sai ta dube ni ta ce, "Sagiru, ka san sunana?"

Wallahi sai na ji kunya ta rufe ni. Ban sani ba, kuma a tarbiyyarmu ban ga dalilin da zan sani ba. Wane ɗan halak ne zai kama sunan sa'ar kakarsa?

Ta ce ai ba mu kaɗai ba ne. A al'adarsu ma, mace in ta haihu sunanta ya kwanta, sai dai uwar wane. Mijinta bai kira ta da shi ba, ɗanta ba zai kira ba. Misirawa suka ce Ummu Jino, wato uwar Jin-ho. Eman ta ce Teta, wato kaka. Mu muka zo muka ce Iya. Ta ce, "Tun da uwata ta rasu ban ƙara jin sa a bakin mutum ba. Japanawa sun karɓe shi da bulala, ku kun karɓe shi da ladabi."

Ta faɗa mini sunan, ta ce in maimaita. Na buɗe baki, harshe ya ƙi. Na ce, "Iya, ma'alish, ki yi haƙuri, a bar ni in haɗa da Iya a gaba." Ta ce a'a, ita ba ta son gauraye. Muka yi ta ja har aka kira salla, ta kore ni tana dariya tana cewa, "Khalas, tafi, matsoraci." Daga ranar, duk sanda na wuce ƙofarta sai ta ce, "Yau fa?" Ni kuma in ce, "Gobe, Iya."

Yaya Jin-ho, kana wurin ranar da goben ta zo, kai ne shaidata. A asibiti ne, da la'asar, ta kwana biyu ba ta buɗe ido ba. Ka kira ta da yarenku, shiru. Eman ta ce Teta, shiru. Mardiya ta ce Iya, Iya, shiru. Sai Mardiya ta taɓa ni ta ce, "Malam, ka biya ta abin da take roƙo." Na sunkuya daidai kunnenta, na kira.

Ta buɗe ido. Ba ni take kallo ba. Ta yi magana da wata 'yar siririyar murya da ban taɓa ji a bakinta ba, da yaren da aka yi mata bulala a kansa. Na ga ka juya ka fuskanci bango. Sai da muka fito ka gaya mini abin da ta ce. Cewa ta yi, "Yaya, ka dawo? Ga shi nan, ban yar ba."

Yaya Jin-ho, Madam Dalia, Eman, ku yi haƙuri. Ku kun yi rashin uwa, mu mun yi rashin ƙofar da muke fara ƙwanƙwasawa. Har yau in na sauko matakala sai na rage tafiya ina jiran a ce "Yau fa?" Kewarta muke yi, ba kaɗan ba. Eman, ke ce ƙarama, ke za ki fi mu daɗewa in Allah Ya so. Ki gaya wa 'ya'yanki labarin geron nan da na wan nan da bai dawo ba, kuma ki gaya musu da sunanta.

Muna godiya ga duk wanda ya taso, da waɗanda suka ba mu wannan ɗaki, da iyaye mata da suka dafa abin da za mu ci. Don Allah kada kowa ya bar ƙwaya a kwano.

Allah Ya ba iyalinta haƙuri da dangana, Ya raya zuriyarta. Ta koma ga Wanda Ya halicce ta, Shi ne Ya san kowane bawa da sunansa. Allah Ya kiyaye kowace al'umma daga mai raba ta da harshenta da abincinta da 'ya'yanta. Mu kuma da ke zaman baƙunci a nan, Allah Ya mai da mu gida mu tarar da masu kiran mu da rai. Amin.

Saura abu ɗaya kafin mu tashi. Na san nauyin da zai yi muku, ni na riga ku ɗanɗanawa. Ku ajiye kunyar nan sau ɗaya, malamai da ɗalibai, manya da yara. Zubairu, wannan ba sai ka fassara ba. Ku faɗa tare da ni, da ƙarfi, ba Iya a gaba.

Nam Ok-hi.