Ranar da Hajjo Ta Tare Motar Gyaɗa

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, ranka ya daɗe Hakimi, dagatai da limamai, ma'aikatan lafiya da kuka taso daga Birnin Kudu, iyayenmu mata, jama'ar Farin Dutse baki ɗaya, ina gaishe ku.

Na gode da kuka zaɓe ni, Badaru manomi, in yi magana yau da muke karɓar motar ɗaukar marasa lafiya, wadda muka daɗe muna roƙo, ga ta kuma Allah Ya kawo.

Da kakar bara, ina cirar gyaɗa da hantsi, sai na ji kamar an aza mini dutsen niƙa a ƙirji. Ciwon ya bi hannun hagu, ya hau muƙamuƙi, gumi mai sanyi ya karyo, numfashi ya gagara. Ƙanena Buba ya ce, "Yaya, ƙwarnafi ne, a jiƙa kanwa."

Mai ɗakina Hajjo ta ce, "Ba ƙwarnafi ba ne. Haka Babanmu ya dafe ƙirji a Wurno, muka jiƙa kanwa, kafin la'asar muka rasa shi."

Ta hana ni ko taku ɗaya, ta jingina ni da bishiyar kuka, ta fita hanya ta tsaya gaban wata motar gyaɗa. Ta ce wa direba, "Malam, ko ka ɗauki mijina, ko ka bi ta kaina!" Ya ɗauke ni.

A asibiti aka yi mini allura, aka sa mini iska a hanci da ƙwaya ƙarƙashin harshe. Likita ya ce jijiyar da ke kai wa zuciya jini ce ta toshe, da mun jira gobe, da sai dai ta'aziyya.

To jama'a, da farko ku riƙe alamun nan. Na biyu, mai ciwon ya zauna, kada a ce ya daure, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Na uku, a kira motar nan, tamu ce, ba ta hakimi kaɗai ba, har ta mai kiwo a ruga.

Ku dube ni! Bana da hannuna na shuka dawa, da ƙafata na raka 'yata ɗakin miji, da bakina na yi wa jikana huɗuba.

Allah Ya tsare zukatanmu, Ya tsare direban motar nan a hanya, Ya saka wa masu jinya, Ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.