Muryar Inno Kande da Gurbin da ya Lalace

Assalamu alaikum. Shugaban wanga taro, iyayenmu sarakuna, malamanmu, iyaye mata, jama'ar Sifawa, da baƙinmu na Bodinga da Kajiji, ina gaishe ku gaisuwar girma. Ina gode maku da kunka baro gonakin albasa kunka zo karrama ɗiyarmu, Injiniya Hasiya.

Kun san aikin da ƙungiyarmu ta ɗauka: naɗar muryoyin dattawan da sunka ga tsadar zamanin Jamhuriya ta Biyu da farin da ya biyo baya, tun suna raye. Kun kuma san yadda munka fara da kuka. Munka naɗi muryar Malam Maniru, na'ura ta ce ta adana, Malam ya rasu, munka kunna, shiru. Har yau abin na ci mani rai.

Da anka ce mani Hasiya direba za ta gyara, wallahi na ɗauka mota ta saya! Ashe direba wata 'yar manhaja ce da ke kai magana cikin katin memori. Shi katin gurbi-gurbi ne, kamar jerin rumbuna, kuma gurbi kan lalace. Tsohon direban sai ya zuba magana a lalatacce, ya ce ya adana.

Abu uku ta koya wa sabon. Na farko, in ya rubuta, ya tsaya ya ji ko gurbin ya karɓa. Na biyu, in bai karɓa ba, ya sa masa alama kada a sake komawa gare shi, ya kwashe abin da ke ciki tare da sabon rubutun zuwa gurbin da anka keɓe. Na ukun shi ne ya fi burge ni: in keɓaɓɓun sun ƙare, ya faɗi gaskiya, ya ce ya kasa. Jama'a, na'ura ce anka koya wa faɗin gaskiya!

Ranar da munka je wurin Inno Kande a Dandin Mahe, tana tsakiyar labarin yadda ta ciyar da 'ya'yanta da ganyen tafasa, sai fitilar na'ura ta ƙyafta. Inno ta ce, "Mi ya hwaru, ɗiyata? In sake?" Hasiya ta ce, "Ci gaba, Inno. Wuri guda ya ƙiya, an sauya mashi wani." Inno ta ce, "To madalla, don ba ni da ƙarhin hwaɗi sau biyu."

Ba ta faɗa sau biyu ba. Da daminar nan Allah Ya karɓi abinSa.

Allah Ya jiƙan ta, Ya jiƙan Malam Maniru. Allah Ya yi wa Hasiya albarka, Ya mai da kowa gida lafiya. Jikokin Inno, ku matso gaba kusa da lasifika. Kakarku za ta yi magana, kuma ko kalma guda ba ta ɓata ba.

Na gode.