Gadon Bakin Taga

Ranar da aka aiko mata cewa mijinta ya cika, ce mata aka yi tukwanen iskar numfashi na asibitin ne suka ƙare, annobar ta fi ƙarfin kowa. Tana zaune a benci tana jiran a miƙo mata kayansa, sai wani direba ya tare mai tura marasa lafiya a kusa da ita.

"Abokina, maigida ya ce a ƙaro masa tukunya ɗaya," in ji direban.

"Jikin nasa ne ya tashi?"

"Wane jiki? Yanzu na baro shi yana kwasar girki. Atishawa ya yi jiya."

"Atishawa ɗaya, tukunya biyu. Ranar da ya yi tari sai dai mu ɗauko masa asibitin gaba ɗaya."

"Ba ka san manya ba. A falo ya ajiye ta farkon, ganinta kawai ke kwantar masa da hankali. Uwargida har fure ta ɗora mata."

"Waccan ma da kyar ta fita. Daga sama aka ce a cire wa dattijon nan na gadon bakin taga."

"Shi ya warke ne?"

"Cewa aka yi mu buɗe masa taga. Talaka ai iskar Allah ta ishe shi."

Direban ya yi dariya a cikin takunkuminsa. A gadon bakin taga ta bar mijinta shekaranjiya.

Har yau, kullum safiya takan buɗe tagar da ke gefen gadonsa na gida, ta tsaya sai ta ga labulen ya motsa.