Gidan da Iska ke Sharewa

A Tina Junction, Malam Haladu tela yana jiran mota ta cika, sai ya miƙa wa matar da ke gefensa waya.

"Madam, kina jin Turanci? Surukina ya sa hoton gidana a intanet, ya rubuta wannan."

"Windswept," ta karanta. "A kan tudu gidan yake?"

"Can saman Dutse Uku. An ce mini wai iska ce ke share shi. Wato ƙazami ne ni ke nan?"

Ta yi dariya. "Haba Baba! Wuri ne a buɗe, iska na kaɗawa ba abin da ya tare ta. A nan yabo ne ma."

"Kin tabbata?"

"Shekara talatin ina koyar da Turanci."

Ya sauke ajiyar zuciya. "Tun rasuwar mai ɗakina ni nake shara da kaina. Na ɗauka ban iya ba ne."

Ta sake duban hoton. "Tsakar gidan nan ta fi tawa tsabta."

"Kwana uku na ƙi ɗaukar wayar yaron nan," ya ce da murmushi, yana lalubo lambarsa.