Ranar da Na Zama Hafizu

Keken ɗinkina na sayar, Inna ta ƙara da 'yan kunnenta, aka haɗa mini kuɗin jirgi. Mubarak, ajiye ƙwallon nan ka saurara, tunda kai ne mai cewa sai ka buga a ƙasar waje.

Kawunku Hafizu, ƙanena, ya riga ni zuwa Kuala Lumpur da shekara biyu. Wata kwaleji ce ta ɗauke shi, yana buga musu ƙwallon kwando, suna yafe masa kuɗin makaranta. Shi ne gajeren cikinsu, amma shi ke rabon ƙwallo. Ya ɗaga yatsu biyu, sai ka ga zabga-zabgan dogaye huɗu kowa ya ruga wurinsa. Ni kuwa kwali nake ɗaurewa a kasuwar Chow Kit, wadda har na dawo Cokit nake ce mata, yana yi mini dariya.

Ɗaki muka kama a unguwar Wangsa Maju, hawa na tara. Mai gidan, wata tsohuwa, tana ƙasanmu. Kullum ni take tarewa.

"Kai! Dum, dum, dum a kaina! Ba a ƙwallo a ɗaki, lah!"

"Anti, ba ni ba ne, ƙanena ne."

"Kai ne! Ai fuskar ke nan!"

A lokacin dariya muka yi.

Wata rana lif ya lalace, muka bi bene. A hawa na biyar Hafizu ya tsaya, ya dafe ƙirji, leɓensa ya yi fari. Mutumin da ke gudu awa biyu! Ya ce yajin abincin mamak ne, wato Indiyawan da muke cin shinkafa wurinsu. Bayan wata guda ya yanke jiki ya faɗi a wajen atisaye, ya ce zafi ne.

Da ya gama kwaleji, wata ƙungiya mai biyan albashi ta neme shi. Sharaɗinsu ɗaya, gwajin zuciya. Ya zo ya ajiye fasfonsa a kan gwiwata.

"Yaya, kai za ka je."

"Ka haukace?"

"In suka ga wani abu, gida za su mayar da ni. Me zan ce wa Inna?"

"In kuma da ciwon fa?"

"Gajiya ce kawai. Shekara ɗaya, Yaya. In fanso maka kekenka, mu tafi."

Na je. Wani ƙaramin asibiti ne a unguwar Brickfields. Nas ta kalli hoton, ta kalle ni, ko sakan biyu ba ta yi ba. Suka manna mini wayoyi a ƙirji, suka sa ni gudu a kan inji. Likita ya buga hatimi ya ce, "Boleh," wato ya yi. Zuciyata lafiyarta ƙalau, har yau ma.

Wata huɗu Hafizu ya buga musu. Ranar wata Asabar da la'asar, ina zaune a layi na uku, ya taho da ƙwallo, ya ɗaga yatsu biyu. Sai ya durƙusa a hankali kamar zai ɗaura igiyar takalmi. Ƙwallon ta gangara waje, ba wanda ya bi ta.

A asibiti kocinsu ya riƙe hannuna yana kuka, yana ta maimaitawa, "Amma mun gwada shi! Mun gwada shi!"

A can muka binne shi. Na dawo da takalmansa a leda. Inna ta tambaye ni ko ya taɓa cewa wani abu na damunsa, na ce a'a. Har ta rasu ban faɗa mata ba. Ku ne na farko da kuka ji.

Mubarak, uwarka ta ce shekaranjiya numfashinka ya sarƙe a filin ƙwallo. Kar ka ce mini zafi ne. Gobe da safe asibiti za mu je. Kai za ka shiga, ni a bakin ƙofa zan tsaya.